Yadda za ka shiga gasar wasan kati ta intanet daga nan Kebbi

Duk wanda ya daɗe yana buga Hearthstone ko Yu-Gi-Oh! Master Duel a waya, akwai ranar da hawan ranki zai ishe shi, ka ci yau a ci ka gobe, ba wanda ya san da zamanka, sai ka fara cewa to mi zai hana ni ma in shiga gasa in gwada ƙwanjina. Shiga ba wuya, da yawa ma kyauta ne. Amma gaskiya yawancin yaranmu da ke faɗuwa a gasar farko ba iya wasa aka fi su ba, wani bai yi cek-in ba, wato bai danna ya ce ga ni kafin a fara ba, wani ya rikita lokaci, wani natwok ya tsinke mai ana tsakiyar fafatawa, wani kuma ya ɗauko dek, wato tarin katunan da ake wasa da su, wanda bai taɓa bugawa ba don ya ga wani Bature ya ci kofi da shi. Waɗanga abubuwa su za ka fara gyarawa kafin maganar dabara.

Kafin komi a fahimci juna a gida, don da tsohuwarka ta leƙo ta ga katuna a waya cewa za ta yi yaron ga ya fara karta. Ka yi mata bayani cikin ladabi, ba Whot ba ne kuma ba a aza kuɗi. Kowa na haɗa nasa katunan ne tun kafin wasa, kowane kati da aikinsa a rubuce a jikinsa, salon ya samo asali daga Magic: The Gathering da wani malamin lissafi Richard Garfield ya ƙirƙiro aka fitar a 1993. Sai dai kai ma ka riƙe gaskiya, akwai gasar da ake biyan kuɗin shiga a haɗa a ba wanda ya ci, wagga kam ka je ka tambayi malaminka kafin ka sa ko sisi. Ni shawarata ka tsaya kan na kyauta, sun ishe ka shekara guda kana koyo.

Zaɓi wasa ɗaya. Ɗaya tak. Hearthstone na kamfanin Blizzard ya fito 2014, dek kati 30 ne, ba ka sa fiye da biyu na kati iri ɗaya, in lejandari ne ma, wato mafi daraja, guda ɗaya, kowa na farawa da rai 30 kuma mana, wato makin da kake kashewa wajen jefa kati, na ƙaruwa ɗaya ɗaya duk zagayen hannu har ta kai 10, saboda haka wasan na tafiya a hankali ana gane shi da wuri. Master Duel na Konami ya fito Janairun 2022, kati 40 zuwa 60, da ƙarin dek na gefe har 15, rai 8000, kuma babu mana ko kaɗan, mutum na iya zubo maka katuna ashirin a hannun farko kana zaune kana kallo. Magic Arena kati 60 ne mafi ƙaranci da rai 20, Pokémon TCG Live ma 60. Marvel Snap shi ne ɗan ƙarami, kati 12 hannu shida an gama. Duba wayarka kafin ka yanke shawara, Master Duel da Hearthstone kowanne na cin gigabait da dama, in wayarka mai ƙaramin ram ce za ta riƙa maƙalewa daidai lokacin da ake tambayarka za ka mayar da martani ko a'a, wurin da ake cin wasa ko a rasa shi kenan.

In Hearthstone ka ɗauka ka zaɓi yankin Turai tun ranar farko, yankuna uku ne, Amurka, Turai da Asiya, kuma katunan da ka tara a wani yanki ba su bin ka zuwa wani. Turai ta fi kusa da mu kuma agogonmu kusan ɗaya. In Master Duel ne kar ka watsa jem ɗinka, wato kuɗin cikin wasan, wajen buɗe kowane fak ɗin katuna da ya burge ka, tsarin ƙera kati a can mai sauƙi ne, ka narka kati ka samu maki 10, ƙera sabo na cin 30, wato UR uku, katuna mafi daraja kenan, da ba ka so su ne UR ɗaya da kake so. Tara ka gina dek ɗaya cikakke da su Ash Blossom ɗinsa, katin da ke tsayar da motsin abokin karawa, ya fi rabi-rabi guda biyar. Ba dole ka sa kuɗinka ba.

Gasar kala biyu ce. Akwai ta kamfani da ake yi cikin wasan kansa, irin Duelist Cup a Master Duel inda kake ta bugawa kana tara maki cikin 'yan kwanaki, da Arena Open a Magic wadda ita ana biyan shiga. Akwai kuma ta jama'a, wadda wasu ke shiryawa a manhajar hira ta Discord su sa jadawali a shafin Challonge ko Battlefy ko start.gg, 'yan Pokémon su kuma Limitless suka fi amfani da shi. Da ta jama'a za ka fara. Kuma don Allah ka karanta dokoki daga sama har ƙasa ko da Turancin ya yi maka yawa, kwafa ka sa a manhajar fassara in ta kama. Abin da kake nema a ciki: ƙasashen da aka yarda su shiga, shekaru, tsarin gasar, lokacin miƙa dek, minti nawa ake jiran wanda bai zo ba, da hukuncin wanda layinsa ya yanke. In akwai kyautar kuɗi tambayi admin ta wace hanya suke biya tun kafin ka shiga, kar ka sha wahalar awa shida ka zo ka tarar hanyar ba ta aiki da asusunka.

Maganar lokaci ita ce ta fi kayar da mutane kuma abin haushi ita ta fi sauƙin gyarawa. Mu Najeriya UTC+1 muke duk shekara, ba mu taɓa agogo. Su kuwa suna taɓawa. Jamus, Faransa da maƙwabtansu lokacin sanyinsu agogonmu ɗaya, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna gaba da mu da awa ɗaya, saboda haka in ka ga an rubuta 18:00 CEST to ƙarfe biyar na yamma ne a Birnin Kebbi ba shida ba. Ingila akasin haka, da zafinsu daidai muke, da sanyinsu suna bayanmu da awa ɗaya. Gabashin Amurka muna gabansu da awa shida, ko biyar daga Lahadi ta biyu a Maris zuwa Lahadin farko ta Nuwamba, yammacin Amurka kuwa tara ko takwas, shi ya sa gasar da suka sa bakwai na yamma a Kalifoniya kai uku ko huɗu na dare za ta same ka, ka bar musu kayansu. Japan na gabanmu da awa takwas. Ka lura da 'yan makonnin nan na Maris da Amurka ta riga ta canza Turai ba ta canza ba, nan ne lissafin kai ke ruɗewa. In shafin gasar na nuna lokaci da agogon wayarka, shi za ka bi, ka sa alam biyu.

Rajista daban cek-in daban. Ka yi rajista tun Talata, ranar Asabar kafin a fara za a buɗe wani ɗan lokaci, sau da yawa rabin awa ko awa ɗaya, da za ka danna ka ce ga ni, in ba ka danna ba sunanka ba zai shiga jadawali ba ko kuka za ka yi. Kamar ranar su ce a Argungu, in an ba da alama kana can wajen mai tsire, da ka iso Matan Fada ruwa ya riga ya cika da mutane. Dek ma haka, ana miƙa shi kafin a fara. A Hearthstone lamba ce doguwa da kake kwafowa daga cikin wasan, za ka ga ta fara da AAEC in na Standard ne, a Master Duel galibi hoton dek ɗin ake turawa. Bayan ka miƙa kar ka canza ko kati ɗaya, ana kore mutum a kan haka ko da mantuwa ce. Sunan da ka rubuta a rajista kuma ya zama shi ne na cikin wasa harafi da harafi, har lambar da ke bayan BattleTag, wato sunanka na asusun Blizzard.

Yanzu tsarin. Mafi yawa Suwis ake yi sannan a yanke takwas na sama. A Suwis ba a fitar da kai don an ci ka sau ɗaya, kowane zagaye ana haɗa ka da mai sakamako irin naka, mai ci biyu da mai ci biyu, mai faɗuwa biyu da ɗan'uwansa. Ɗauki mutum 64, zagaye shida za a yi. In ba kunnen doki kuma ba wanda ya gudu, ƙarshe mutum ɗaya zai kasance 6-0, shida 5-1, goma sha biyar 4-2. Ka ga kujeru bakwai sun tafi, saura ɗaya tak da mutum goma sha biyar ke kallo, kuma abin da ke raba su yawanci shi ne ƙarfin waɗanda suka kara da su, wato kashi nawa abokan karawarka suka ci. Abin da wanga lissafi ke gaya maka, faɗuwa ɗaya ba komi ba ce, kar ka fusata ka fita. Faɗuwa biyu tun a zagayen farko da na biyu kuwa kusan ta rufe ƙofa, don daga nan da marasa ƙarfi za a yi ta haɗa ka. Ko da hakan ta faru ni ina ganin ka ƙarasa, wasa huɗu ne kyauta da mutanen da suka zo da shiri, a ranki ba ka samun irinsu kullum. In dole ka tafi ka danna fita ko ka gaya wa admin, kar ka ɓace kawai ka bar bawan Allah yana jiranka minti goma, wasu masu shiryawa na hana irin waɗanga shiga ta gaba.

'Yan Hearthstone akwai ƙarin aiki a kanku, don tsarin Conquest ba dek ɗaya ake zuwa da shi ba. Kana kawo huɗu na aji daban daban, wato kowanne da nasa irin jarumi, abokin karawa ya soke maka ɗaya kai ma ka soke mai ɗaya, sannan sai ka ci wasa da kowane ɗaya cikin ukun da suka rage, wanda ya ci an ajiye shi ba ka ƙara ɗaukarsa. Ma'ana dek ɗinka mafi rauni shi ke yanke maka hukunci, za ka iya cin biyu da sauri ka zo na ukun ya kasa ko ɗaya a ci ka 3-2 kana gani. Dabarar da masu wayo ke yi, su zaɓi dek ɗaya da suka san kowa zai kawo, su haɗa duka nasu yadda kowanne na dukan wanga dek, sannan su soke wanda ya fi ba su wahala. A Last Hero Standing abin juyawa yake, wanda aka ci shi ke rasa dek, mai ci ya ci gaba da nasa.

Wane dek to? Wanda hannunka ya sani. Ka duba abin da ke tashe, dole ne, don ka san mi za ka haɗu da shi, amma dek mai daraja ta biyu da ka buga sau ɗari ya fi na ɗaya da ka kwafo daren jiya. Kuma mu da natwok ɗinmu ke da lalura, dek mai kwambo doguwa, wato jerin katuna masu tayar da juna, da sai ka danna sau arba'in a hannu ɗaya haɗari ne, kowane dannawa na cin sakanni kuma agogo ba ya jiran kowa. Mai sauƙin layi ya fi mana.

Kuma a Master Duel ka tsaya kan kati 40 sai in kana da ƙwaƙƙwaran dalili. Ga lissafin, kati biyar kake farawa da su, kuma in kai ke fara wasa ba ka jan na shida. In kana da kwafi uku na katin da kake so cikin 40, damar ganin aƙalla ɗaya a hannun farko kusan kashi 34 cikin ɗari ce, cikin 60 kuwa ta sauko wajen 23. Shi ya sa ba a dogara da kati ɗaya. In katunan da ke iya tayar maka da wasa guda tara ne cikin 40 damar ta kai wajen 74, in goma sha biyu ne wajen 85. Ƙirga naka yau. In tara ne, to ka sani wasa ɗaya cikin huɗu za ka buɗe hannu ba abin tayarwa, a zagaye shida kuwa da wuya hakan bai same ka ba, kuma ba maita ba ce ba wasan ne ya tsane ka ba, ginin dek ɗinka ne. Ka kuma duba jerin katunan da aka haramta ko aka rage, yana canzawa, na Master Duel ma daban yake da na katin takarda.

Sai babbar magana, wuta da layi. Daren gasa ka buɗe wasan ka tabbatar ba afdet da ke jira, don ba abin da ya kai ciwon ka buɗe saura minti biyar ka ga yana sauke wani abu mai nauyi. Waya ta cika, pawa bank ya cika, in layinku ba wuta kai su shagon mai caji tun da safe ka karɓo da wuri. Wasan kansa ba ya shan data sosai, abin da yake so layi ya tsaya cak, 4G mai sanda biyu da ba ta motsi ta fi mai sanda huɗu da ke faɗawa 3G duk minti biyar. Saboda haka gwada wurin zamanka kwana biyu kafin ranar, a daidai lokacin da za a yi gasar, don layin da ke gudu da hantsi ba shi ne na bayan isha'i ba lokacin da kowa ya hau TikTok. Akwai wani yaro a Badariya da na ga yadda yake yi, ɗakinsa ba sabis sai bakin taga, sai ya sa tsohuwar waya a kan tagar ta zama hotsifot, ya jona ta da pawa bank, shi kuma ya zauna ƙasa kan tabarma da wayar wasan wadda ya cire wa sim gaba ɗaya. Amfanin haka biyu ne, na farko sabis, na biyu kira ba ya shigowa wayar wasa, don a wayoyi da yawa kira na shigowa data ke tsayawa, ga ka tsakiyar hannu sai ga kawu daga Jega yana son a gaisa. Ka tanadi layi na biyu na wani kamfani da 'yar data a ciki. In ya yanke kar ka zauna kallon abin nan da ke juyawa, sauya layi, rufe wasan ka sake buɗewa da sauri, sau da yawa yana mayar da kai in ba ka daɗe ba.

Zafi ma abokin gaba ne. Watan Afrilu a Kebbi da rana ta wuce digiri 40, waya na caji kana wasa, za ta yi zafi ta rage gudu da kanta ko ta dushe haske. Cire mata riga, rage ingancin hoto a saitin, zauna inuwa inda iska ke bi, kuma kar ka aza ta kan katifa.

Lissafa salla tun kafin ka yi rajista. Zagaye shida in kowanne ya ci minti arba'in zuwa hamsin da jiran da ke tsakani, awa biyar kenan ko fiye. Magariba a nan tana kamawa daga wajen shida da kwata zuwa bakwai da 'yan mintuna gwargwadon watan da ake ciki, gasar da ta fara biyar dole ta ratsa ta har isha'i. Zauna da alwala, in ka gama zagaye da wuri ga tazara nan, in kuma ka ga ba za ta yiwu ba nemi wadda ke farawa bayan isha'i ko da hantsin Asabar, gasa ba ta ƙarewa. A gida ma ka gama aiken da aka sa ka, ka gaya musu yau kana da abu daga ƙarfe kaza zuwa kaza.

Cikin wasa kuwa abu kaɗan zan ce don kowa da wasansa. In gasar mai buɗaɗɗen dek ce buɗe na abokin karawarka kafin ku fara, ka san mi zai iya share maka fili da shi, nawa yake da su, ka riƙa ƙirgawa a takarda in ya yi amfani da ɗaya. A Hearthstone wajen canza katunan farko kar ka riƙe mai tsada don kawai kana son shi, tambayi kanka da wa kake wasa, mai gaggawa ne ko mai jan lokaci. Sakan 75 gare ka a hannu, fara abin da ka tabbatar da shi kana tunanin saura, kar ka bari igiyar da ke nuna lokaci ya kusa ƙarewa ta fara ci sannan ka hau jan katuna da layin da ka san halinsa. A Master Duel karanta katin da ba ka sani ba tun lokacin da shi abokin karawar ke wasa, kuma kar ka jefa Ash kan abu na farko da ya motsa, da yawa tarko ne, jira wanda in ka tsayar da shi kwambon ta mutu. Duk hannu kafin ka taɓa komi ƙirga ko kana da abin gamawa, sannan ƙirga ko shi yana da abin gama ka.

Skirinshot kuwa ka mayar da shi ɗabi'a. Allon nasara, saƙon da ka tura mai cewa ka shirya da lokacin a jiki, lambar ɗakin da kuka buɗe, duka ɗauka. In bai zo ba har lokacin jira ya cika tura wa admin hoton, gajeren saƙo, lambar tebur ko zagaye, sunanka da nasa. In rigima ta taso kar ka tsaya cacar baki da shi, ko ya zage ka, admin hujja yake dubawa ba wanda ya fi iya Turanci ba. Kuma kar ka bari aboki ya zauna gefenka yana gaya maka abin da za ka jefa, a yawancin dokoki maguɗi ne.

Bayan an tashi ajiye bidiyon wasannin da aka ci ka, Master Duel na ba ka damar adana su, washegari da kai ya huce ka kalla ka nemo hannun da abin ya juya, rubuta dek ɗin da ya ci ka da dalili, bayan gasa uku ko huɗu za ka ga ko dek ɗin ne ke son gyara ko kai. In kuma kuna da yawa a gari, 'yan poli da 'yan jami'a da na Aliero, ku haɗa taku ta mutum takwas kafin ku fita waje, Challonge kyauta ne, Suwis zagaye uku ya isa ya fitar da mutum ɗaya mai 3-0, ku buɗe guruf a WhatsApp, ku sa doka a rubuce cewa minti goma ake jira, wanda layinsa ya yanke kuma a faɗi tun farko ko a sake ne ko an ci shi, sannan wanda zai zama admin kar ya buga a wagga rana.